Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya

Dokar Laifukan Intanet ita ce babbar dokar tarayya da ta tanadi hukunci kan laifukan da ake aikatawa da kwamfuta, wayar salula da intanet a Najeriya. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya rattaba mata hannu ranar 15 ga Mayu, 2015, makonni biyu kafin ya miƙa mulki ga Muhammadu Buhari, aka kuma yi mata gyara a 2024. Tana aiki a duk faɗin ƙasar, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron shari'o'in da suka taso daga gare ta. An tsara ta ne don yaƙi da damfara da kutse da kuma kare hanyoyin sadarwar ƙasa, amma a wajen jama'a ta fi yin suna da sashe na 24, wanda aka sha gurfanar da 'yan jarida da masu sukar hukuma a ƙarƙashinsa.

Tarihi

Damfarar da ta haifar da wannan doka ta girmi intanet. Tun a shekarun 1980, lokacin da farashin man fetur ya faɗi kuma rayuwa ta yi tsanani, wasu suka shiga aika wasiƙu ta gidan waya da na'urar faks zuwa ga 'yan kasuwa a Turai da Amurka. Mai wasiƙar kan ce shi babban ma'aikacin gwamnati ne, ko magajin wani attajiri, yana da makudan kuɗi da yake son fitarwa daga ƙasar, kuma zai ba da kaso mai tsoka ga wanda ya ba shi aron asusunsa. Da zarar mutum ya amince, sai a fara neman ya turo kuɗin haraji, kuɗin lauya, kuɗin toshiyar baki, har sai ya gaji ko aljihunsa ya ƙare. Ana kiran masu wannan sana'a 'yan 419, daga sashe na 419 na kundin hukunta laifuka da jihohin Kudu ke amfani da shi. Arewa tana da nata kundin daban wanda ya fara aiki a 1960, amma lambar ta kundin Kudu ce ta bi duniya.

Gwamnatin Janar Sani Abacha ta fitar da dokar soja ta musamman kan wannan damfara a 1995. A daidai wannan zamani ne aka tafka ɗaya daga cikin mafi girman irinta: tsakanin 1995 da 1998 wani gungu ƙarƙashin Emmanuel Nwude ya yaudari wani babban jami'in bankin Banco Noroeste na ƙasar Brazil da kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja wadda babu ita, suka karɓe kimanin dala miliyan 242. Sai a 2005 wata kotu a Legas ta yanke wa Nwude hukuncin ɗauri.

Zuwan shagunan intanet a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 ya sauya salon harkar. Wasiƙar da a da sai an sayi kan sarki, yanzu matashi ɗaya zai iya tura dubbanta ta imel a dare guda. Daga akwatin imel na kamfanin Yahoo ne aka samo laƙabin 'yan yahoo. A 2001 aka ba da lasisin wayar salula, kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, kuma cikin 'yan shekaru waya ta shiga hannun miliyoyin mutane. A shekarar 2001 ɗin ne kuma FATF, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai sa ido kan halatta kuɗin haram, ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai. Wannan matsin lamba daga waje yana cikin dalilan kafa hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu. An cire Najeriya daga jerin a 2006, shekarar da aka sabunta dokar damfara, aka wajabta wa masu shagunan intanet yin rajista da EFCC.

Duk da haka akwai babban giɓi. Ana iya hukunta wanda ya damfari mutum ya karɓe kuɗinsa, amma babu wani tanadi bayyananne kan wanda ya yi kutse cikin kwamfutar banki, ko ya saki manhaja mai lalata bayanai. Dokar shaida da kotuna ke amfani da ita a lokacin kuwa ta zamanin Turawan mulkin mallaka ce, alƙalai suka yi ta saɓani kan ko za a karɓi takardar da aka buga daga kwamfuta a matsayin hujja. Sabuwar Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ita ce ta warware wannan. Tun a wajajen 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa kwamitin aiki kan laifukan intanet, kuma daga nan ƙudurori daban-daban suka riƙa zuwa Majalisar Tarayya suna mutuwa a can har kusan shekara goma. Ƙungiyar ECOWAS ta umarci ƙasashenta a 2011 da su samar da irin wannan doka. A ƙarshen 2014 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya zama dokar ta yanzu.

Tanade-tanade

Dokar ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, sauraren sadarwar mutane a ɓoye, sauya ko goge bayanai, yaɗa manhaja mai cutarwa, damfara da katin ATM, da yin sojan gona da sunan wani ko na wani kamfani don karɓar lambobin sirri. Ma'aikacin da ya yi amfani da aikinsa ya saci bayanan shaidar wani zai iya shan ɗaurin shekara 7 ko tarar naira miliyan 5. Haɗa ko yaɗa hotunan batsa na ƙananan yara laifi ne mai tsanani a sashe na 23, yayin da ta'addanci ta intanet ke da hukuncin ɗaurin rai da rai.

Shugaban ƙasa yana da ikon ayyana wasu na'urori da hanyoyin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin bayanai na ƙasa. Wanda ya kai musu hari zai iya shan ɗaurin shekara 10, ko 15 idan wani ya ji mummunan rauni, ko rai da rai idan an rasa rai. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya yi amfani da wannan iko, aka sa kayan kamfanonin sadarwa cikin jerin.

Sashe na 38 ya wajabta wa kamfanonin waya da na intanet adana bayanan masu hulɗa da su na tsawon shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an buƙata. Sashe na 39 ya ba alƙali damar ba da umarnin sauraren sadarwar wanda ake zargi.

Sashe na 24

A yadda aka rubuta shi a 2015, sashen ya hukunta wanda ya aika saƙo ta kwamfuta mai tsananin cin zarafi, batsa ko barazana, da kuma wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin ɓata wa wani rai, takura masa, zaginsa, jawo masa ƙiyayya ko sa shi fargaba. Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Matsalar tana cikin faɗin kalmomin. Babu rahoton bincike kan cin hanci da ba zai ɓata wa wanda aka bankaɗo rai ba, kuma mai mulki ko mai kuɗi ya fi kowa samun 'yan sandan da za su bi masa ƙorafi. Cikin waɗanda aka tuhuma da sashen akwai Omoyele Sowore, mawallafin Sahara Reporters, a 2019.

Kotunan cikin gida, har da Kotun Ɗaukaka Ƙara, sun ƙi soke sashen. Kotun ECOWAS kuwa ta yanke a Yulin 2020, ta sake yankewa a Maris ɗin 2022, cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi.

Gyaran 2024

Shugaba Tinubu ya sa hannu kan gyaran a ƙarshen Fabrairun 2024. An taƙaita sashe na 24 ga saƙon batsa, da saƙon ƙarya da aka aika don haddasa rushewar doka da oda ko barazana ga rayuwa. Kame bai tsaya ba: a farkon Mayun shekarar 'yan sanda suka tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu fiye da mako guda bisa zargin karya dokar. An kuma rage wa'adin da hukumomi da kamfanoni ke da shi na kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72, aka wajabta wa bankuna neman lambar NIN daga masu hulɗa da su.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne harajin tsaron intanet. Dokar ta 2015 ta kafa asusu na musamman, ta rubuta adadin harajin da 0.005 ba tare da fayyace ma'anarsa ba. Gyaran ya ce kashi 0.5 cikin ɗari ake nufi, wato naira 500 a kan kowace naira 100,000. Ranar 6 ga Mayu, 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su fara cire shi daga kuɗin da ake turawa ta intanet, a lokacin da jama'a ke fama da tsadar rayuwa bayan cire tallafin mai. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi watsi da shi, Majalisar Wakilai ta nemi a janye, kuma kafin watan ya ƙare gwamnati ta dakatar da shi, bankin ya janye umarninsa.

Aiwatarwa

Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ne ke daidaita aikin hukumomi, kuma cibiyar ngCERT mai karɓar rahoton kutse tana ƙarƙashinsa. Bincike da gurfanarwa sun fi kasancewa a hannun EFCC da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda da ke Abuja.

Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Budapest kan laifukan intanet a 2022.

A Jamhuriyar Nijar

Nijar ta kafa tata dokar a 2019. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da shi a Yunin 2024.