Bashin barci: abin da yaro ke ci bai sani ba

Duk gidan da ke da ɗan sakandare an san rigimar asuba. A buga ƙofa, a kira suna sau uku, har a yayyafa ruwa, yaro ya tashi zaune yana gyangyaɗi. Uba ya ce lalaci ne. Likitocin barci kuwa bashi suke kiran abin.

Bashin barci shi ne giɓin da ke tsakanin barcin da jiki ke buƙata da wanda ya samu. William Dement, likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, yana cikin waɗanda suka yayata kalmar. A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kullum. To, yaron da ya kwanta sha biyun dare, aka tashe shi biyar da rabi don salla, awa biyar da rabi ya samu. Ko da awa 8 aka auna, ya ci bashin awa biyu da rabi. Daga Litinin zuwa Juma'a ya haura awa 12.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai bashin ba ya jin nauyinsa. A wani bincike na Jami'ar Pennsylvania da aka wallafa a 2003, an tsare manya a kan barcin awa 6 har kwana 14. Hankalinsu ya dusashe kamar na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, amma da aka tambaye su, sai suka nuna kamar sun saba. Saboda haka idan yaro ya ce, "Baba, ni fa lafiyata ƙalau," ba ƙarya yake yi ba. Haka yake ji.

Me ya hana shi kwanciya da wuri? A nan ya kamata a yi wa yaran adalci. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta nuna cewa da zarar balaga ta kama, sakin nan yana jinkiri. Ƙanensa ɗan firamare ya yi nisa tun bayan isha'i, shi kuwa idonsa biyu. Sai kuma a haɗa masa da waya, da datar dare mai araha, da shayi mai kauri a teburin mai shayi. Sinadarin caffeine da ke cikin shayi, kofi da goro yana toshe saƙon gajiya ne kawai, kuma rabinsa kan kai kimanin awa biyar a jini. Gajiyar tana nan tana jira.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi ta safiya: tun 2022 yawancin manyan makarantun sakandare na gwamnati ba sa fara darasi kafin takwas da rabi. Mu kam asuba ba ta ɗaguwa, ga boko, ga Islamiyya da yamma. Dare ne kawai ke hannunmu.

Barcin ranar Asabar har azahar yana rage wani abu, amma yana ƙara tura agogon jiki gaba, daren Lahadi barci ya ƙi zuwa, Litinin a koma gidan jiya. Biyan da ke aiki kaɗan-kaɗan ne. A riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku. Waya ta kwana a falo, har da ta iyayen, in ba haka ba dokar ba za ta yi mako ba. Shayi ya tsaya daga la'asar. Ƙailula kuma, da kakanninmu suka riƙe, tana taimakawa idan ba ta wuce rabin awa ba. Mai tsawo kusa da magariba cinye barcin dare take yi.

Masu kwana karatun WAEC da JAMB su ma abin ya shafe su, don a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Yaron da ke samun awanninsa cif amma yana minshari mai ƙarfi, yana kuma barci a aji, wannan sai a kai shi asibiti.