Matsattsaku a Aikin Gano Guba a Ruwa

Matsattsaku tsutsa ce ta rukunin Hirudinea, 'yar uwar tana. Akwai nau'inta kusan 700, akasarinsu a rafuka da tafkuna da fadamu. Masana muhalli suna amfani da ita wajen gano sinadarai masu guba da ke kwarara cikin ruwa, musamman daga masana'antu.

Ruwan da aka ɗiba a kwalba aka kai ɗakin gwaji, halin wannan lokacin kaɗai yake nunawa. In an zubar da dagwalo cikin dare, kafin gari ya waye ruwa ya tafi da shi. Ita kuwa matsattsaku tana laɓe a ƙarƙashin duwatsu, ba ta yin nisa, sinadarin yana shigarta ta fata da ta abinci, jikinta kuma ba ya saurin fitar da wasu daga cikinsu. Gubar da ta yi wa na'ura ƙanƙanta a ruwa sai ta taru a namanta ninki dubbai, har a iya aunawa.

A shekarun 1980 masu bincike a Kanada suka tabbatar da haka a rafin Canagagigue na lardin Ontario, inda suka tarar matsattsaku ta fi sauran halittun rafin tara kulorofenol, sinadarin da ake sa wa katako don kada ya ruɓe. A kogin Fraser na yammacin Kanada kuma an zuba nau'in Nephelopsis obscura cikin keji aka ajiye a ruwa, daga baya aka kwashe aka auna. Wannan dabara ta fi inganci, domin an san yadda tsutsar take kafin a saka ta, an kuma san tsawon zamanta. A Turai an yi aiki da matsattsakun jinsin Erpobdella wajen bibiyar PCB, wani sinadarin masana'antu mai guba. Waɗannan nau'o'in, sabanin abin da aka saba ji, ba sa shan jini. Ƙananan tsutsotsin ruwa suke haɗiyewa.

Yawan gubar da take tarawa yana canzawa da zafin ruwa da tsaminsa da girman tsutsar, don haka dole a kwatanta nau'i ɗaya mai girma ɗaya. Ganinta a rafi kuma ba shaidar tsabta ba ne, domin da dama daga nau'o'inta suna jure ruwa mai ƙarancin iskar oksijin. Sai an niƙa namanta an tace sinadaran da na'ura ake samun amsa.