Ma'anar kalma: tekawe daban, dilibari daban

Duba tallan gidajen abinci na Sakkwato a WhatsApp da Facebook kwanakin nan, ko ka saurari rediyo, za ka ji ana "muna tekawe har ƙofar gida". Maganar nan ba ta zauna ba. Tekawe aro ce daga Turanci, asalin ma'anarta kai mai saye ka tako da ƙafarka, a zuba maka, ka ɗauka ka tafi. In ɗan kabu-kabu ne ya kawo maka, wannan shi ake kira dilibari.

Kalmar ta ma ƙara zamewa, yanzu robar nan mai murfi ake kira tekawe. Mai abinci ta ce "Alhaji, tekawe nawa za a sa?", roba take nufi, kuma kuɗinta daban. Wannan bai dame ni ba, kowa ya gane. Abin da ke ci mini rai shi ne haɗa kalmomin biyu yana ɓoye wanda alhaki ke wuyansa. A tekawe, da roba ta shiga hannunka mai abinci ta fita. A dilibari kuwa, abincin amana ne a hannun gidan abinci har ya iso, ko da yaron ba nasu ba ne, tunda su suka aiko shi.

Ɗauki tuwon shinkafa da miyar taushe da za a kai daga Mabera zuwa Arkilla. Mai zubin tekawe za ta cika roba da miya ta danna murfi, don ta san a hannu za a riƙe. Wannan zubin ba ya jure babur. Miya mai zafi tana tara tururi, murfi ya saki, rami ɗaya a hanya manja ya wanke leda. Zubin dilibari, miya a ƙulla ta cikin leda biyu, sannan a sa a roba, a bar sarari kamar yatsa ɗaya a sama, a zagaye murfin da salatif. Tuwo a naɗe shi daban. Masa kuwa in aka rufe ta ruf da zafinta, gumi ke jiƙa ta, gefen nan mai ƙauri ya yi laushi. Sai an bar ta ta sha iska kaɗan, ko a huda murfin. Salak mai kirim ba ya hawa kan shinkafa mai zafi, fura da nono ba sa zama jaka ɗaya da tuwo. A Maris da Afrilu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, dafaffiyar shinkafa da ta yi sama da awa ɗaya tana yawo a akwatin babur abin tsoro ce.

Saboda haka kafin ka yi tiransifa, tambayi abu uku: nawa ne abinci, nawa ne roba, nawa ne kuɗin kawowa. Masu cewa "dilibari kyauta" galibi sun cusa kuɗin man a farashin kwano, kuma ni na fi ganin mutuncin wadda ta faɗi kuɗinta a fili. Ka tura lokeshan, ka haɗa da kwatancen masallaci ko gidan mai mafi kusa, don yawancin lungunanmu babu lamba. In ɗan kabu-kabun ya iso, buɗe ledar a gabansa kafin ya tada babur.