Taɓin hankali

Taɓin hankali, ko taɓin ƙwaƙwalwa, suna ne da ya tattaro cututtuka da dama masu dagula tunanin mutum, ko yanayin zuciyarsa, ko halayensa, har su hana shi sana'a da zaman iyali yadda ya saba. A bakin jama'a kalmar da ta fi yawo ita ce hauka, amma ita tana nuni ne ga mai yawo a bola da tsumma, alhali mafi yawan masu lalurar suna cikin gidajensu, suna zuwa kasuwa, suna bin jam'i, ba wanda ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970 ne ke ɗauke da wani nau'i nata, wato mutum ɗaya cikin takwas.

Sunayen da maƙwabtan Hausawa ke kiran mai cutar sun nuna inda aka daɗe ana ɗora laifin. Fulanin Marwa da Garwa a arewacin Kamaru kan ce ginnaaɗo, Larabawan Chadi su ce majnun, kuma kalmomin biyu daga sunan aljani suka fito. Bahaushe ma yakan ce iska ta taɓa wane, ko an yi masa sammu.

Ire-irensa

Waɗanda suka fi yawa su ne ciwon fargaba da ciwon damuwa: miliyan 301 da miliyan 280 a ƙididdigar 2019. Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran da kowa ke yi. Ana kiransa ciwo idan ƙunci ya zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, abin da yake so a da ya fita ransa, barci da cin abinci suka rikice, wani lokaci har ya ji gara ya mutu. Akwai ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa: makonni yana surutu, ba barci, yana rabon jarinsa, sannan ya faɗa ƙunci mai nauyi. Akwai sikizofiriniya, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin 300, yawanci a ƙuruciya. Mai ita yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana zargin ana bibiyarsa ko an sa masa guba a tuwo. Sai ciwon firgici bayan masifa, da kamuwa da kayan maye, da ruɗewar tsufa.

Farfaɗiya ba taɓin hankali ba ce. Ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, kuma yawun mai ita ba ya yaɗa ta, duk da gudun da mutane ke yi idan ya faɗi.

Abin da ke jawo shi

Da wuya a samu sanadi guda. Gado yana da hannu, amma ba hukunci ba ne: ɗan mai ciwon yana iya ƙarar da rayuwarsa lafiya lau. Kan gadon sai rayuwa ta ɗora nata kayan, talauci, rasuwar na kusa, duka a gidan aure, wahalar yarinta. A yankin Tafkin Chadi da duwatsun Mandara rikicin Boko Haram ya ƙara nasa. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo a Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, ya karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya, kuma mutumin da ya ga an ƙone garinsu yakan shekara da shekaru yana zabura idan tayar babur ta fashe.

Tiramol ma ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Maganin kashe raɗaɗi ne, amma 'yan kilando masu babur na haya da leburori da masu noma suna haɗiyarsa don su jure aiki a rana. Idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, idan aka daina shi farat ɗaya kuma sai rashin barci da zufa da tashin hankali.

Jiki da hankali

Nan ne aka fi yin kuskure, ta fuska biyu. Ta farko, taɓin hankali yakan shigo asibiti da rigar ciwon jiki. Mace za ta zauna gaban ma'aikacin jinya ta ce: "Malam, tsakiyar kaina zafi yake kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a jikina, gabana sai faɗuwa." Ba za ta ce tana cikin damuwa ba, don ba haka ake faɗa ba. Sai a rubuta mata maganin maleriya da taifot, ta sha, ta dawo bayan wata guda da kukan nan dai. Da an tambaye ta yadda take barci, da abin da ya faru a gida tun bayan haihuwarta ta ƙarshe, da bakin zaren ya fito. Damuwar bayan haihuwa tana samun fiye da mace ɗaya cikin goma, kuma tana shafar shayarwa da girman jariri.

Ta biyu, ciwon jiki yakan fito da kamannin hauka. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau da ke tashi lokacin zafi da ƙura, faɗuwar sukari, cutar ƙanjamau, matsalar maƙoƙo, buguwar kai a hatsarin babur, duk suna iya sa mutum sambatu da fizge-fizge. Alamar da ta fi muhimmanci ita ce saurin zuwan abin. Wanda jiya yake lafiya, yau ga zazzaɓi, bai san inda yake ba, bai gane 'ya'yansa ba, wannan na gaggawa ne, kuma kwana biyun da za a ɓata ana turare na iya zama ajalinsa.

Cututtukan kuma suna ciyar da juna. Damuwa ta fi yawa a tsakanin masu ciwon sukari da hawan jini da tarin fuka, kuma mai damuwa shi ne ya fi saurin watsar da maganinsa. Masu taɓin hankali mai tsanani suna mutuwa da wuri, shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, galibi ba ta hanyar kashe kai ba, sai ta ciwon zuciya da sukari da cututtukan da ba a kula an duba musu ba.

Magani

Ana cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Maganar ta tsufa. Tun 1952, lokacin da likitoci biyu a Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada kulofuromazin a kan majinyata, aka samu ƙwayar da ke kwantar da muryoyi da zarge-zarge. A 1949 kuma John Cade a Ostareliya ya nuna amfanin maganin litiyam ga ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. Yau haloferidol, amitiriftilin da fuluwoksetin suna cikin magunguna masu araha. Na damuwa ba ya aiki nan take, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, kuma ana ci gaba da shi watanni bayan samun sauƙi. Yawan komowar ciwo daga yanke magani yake, da zarar dangi sun ga mutum ya koma kasuwa.

Magungunan suna da nasu illa, ya kamata a faɗa wa iyali tun farko. Wasu na sandarar da wuya, su sa rawar hannu da dalalar yawu, wasu na sa ƙiba da hawan sukari. Likita yana iya rage adadi ko ya canza. Ga damuwa da fargaba marasa tsanani, zama da ƙwararre ana tattaunawa yakan wadatar ba tare da ƙwaya ba.

Yawancin iyalai malam suke fara kai wa, a yi ruƙiyya, a ba da rubutu, wasu kuma su nufi boka ko 'yan bori. Addu'a ba ta karo da asibiti. Abin da ke cutarwa shi ne mari da turu da bulala da horon yunwa, waɗanda ke barin gyambo a ƙafa da tsoro a zuciya. Likitan Najeriya Thomas Adeoye Lambo ya nuna wata hanya tun 1954 a ƙauyen Aro kusa da Abekuta: majinyata suna zaune a gidajen mutanen gari tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya a cikin aikin.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Kamaru da Chadi, kuma sun taru a manyan birane. Asibitin Jamot da ke Yawunde, wanda ya fi suna a fannin, yana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Marwa: mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare. Saboda irin wannan giɓin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cututtukan da fara maganinsu a kusa da gida. Mai shan litiyam a ƙasa mai zafi irin wannan, inda watan Afirilu ke haura digiri 40, yana buƙatar ruwa sosai da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma sai ya shawarci likitansa kafin ya ɗauki azumi.