Ciwon gwiwar hannu ga masu wasan lemar teku: hutu kaɗai ba ya warkar da agara

Wasan lemar teku shi ne mutum ya tsaya a kan allo, iska ta cika wata ƙatuwar lema a sama, ita kuma ta ja shi yana zamiya a kan ruwa. Ana yin sa sosai a Tarifa da ke kudancin Sifaniya, da Dakhla a gaɓar yammacin Sahara, da El Gouna a bakin Bahar Maliya a Masar, da Paje a tsibirin Zanzibar. A 2024 ma ya shiga gasar Olamfik, aka yi tserensa a tekun Marseille na Faransa. Raunin da aka fi jin labarinsa a wasan shi ne na faɗuwa: idon sawu, gwiwar ƙafa, kafaɗa. Amma akwai wani ciwo da ba ya zuwa da faɗuwa ko jini. Sannu a hankali yake shiga gwiwar hannu, har wata rana mutum ya kasa ɗaga butar shayi.

Lemar tana haɗe da wata sanda ta igiyoyi huɗu, masu tsawon mita 20 zuwa 24 galibi. Biyu na tsakiya su ne ke ɗauke da ƙarfin iska, suna bi ta tsakiyar sandar su maƙale a ƙugiyar ɗamarar da mai wasa ya ɗaura a ƙugu. Biyu na gefe na tuƙi ne. A ƙa'ida ɗamara ce ke ɗaukar nauyi, hannu aikinsa juya lema da jawo sanda ko tura ta. Matsalar tana farawa ne idan hannu ya karɓi aikin ɗamara: mai wasa ya damƙe sanda iya ƙarfinsa, ya rataye a jikinta awa biyu ko uku, gwiwar hannu tana lanƙwashe, iska tana fizga.

Manyan tsokokin da ke motsa yatsu da wuyan hannu ba a tafin hannu suke ba. A sangalin hannu suke, wato tsakanin wuyan hannu da gwiwa, kuma suna tattaruwa su manne da ƙashi ta hanyar agara, wannan farar igiyar nama mai tauri. Shafa gwiwar hannunka za ka ji tudun ƙashi biyu, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu sama suna manne a na waje. Masu lanƙwasa shi ƙasa da kifa tafin hannu suna manne a na ciki. Ciwon tudun waje shi ake kira gwiwar 'yan tanis, na ciki kuma gwiwar 'yan golf, ko da mai shi bai taɓa riƙe sandar tanis ba. Makanikai, kafintoci, mahauta da masu daka suna fama da irinsa, don haka abin da za a faɗa nan gaba ya shafe su.

Mutane kan yi mamakin yadda damƙa ke jawo ciwo ta waje, alhali yatsu ciki suke lanƙwashewa. Dalilin shi ne duk lokacin da ka dunƙule hannu da ƙarfi, tsokokin waje dole su ɗaure don wuyan hannu kada ya karye ƙasa. Suna aiki ke nan ba hutu muddin sanda tana hannunka.

Abin da ke faruwa a cikin agarar ba kumburi ba ne irin na ƙurji. Zaruruwanta ne ke tsinkewa kaɗan-kaɗan, kamar igiyar guga da ke gogar bakin rijiya kullum, jiki kuma yana gyarawa amma gyaran bai cim ma ɓarnar ba. Jini kaɗan ne ke ratsa agara idan aka kwatanta da tsoka, shi ya sa tsoka ke yin ƙarfi cikin makonni, agara kuwa sai an yi watanni. Wanda ya shekara a ofis, ya ɗauki hutun mako biyu ya je Dakhla yana shiga ruwa safe da yamma, ya ɗora wa agararsa abin da ba ta shirya masa ba. Haka ma matasan da ke aiki a makarantun koyar da wasan, masu wuni suna buga wa lema iska da famfo da riƙe wa ɗalibai sanda.

Gane ciwon ba shi da wuya. Miƙe hannun sosai, tafin hannu yana kallon ƙasa, ka dunƙule, wani ya danna bayan hannunka ƙasa kai kuma ka ƙi. Idan zafi ya taso a tudun waje ko ɗan ƙasa da shi, agarar waje ce. Juya tafin sama, a danna ka ƙi: zafi a tudun ciki na nufin agarar ciki. Yawanci ba a bukatar hoto.

Akwai dai alamomin da ba na zaman gida ba ne. Idan lema ta fizge ka, ka ji wani abu ya yi "ɗas" a gaban gwiwa, wurin ya yi jini-kwance, ƙwanjin damtse ya tattare sama, kuma ka rasa ƙarfin murɗa hannu kamar mai buɗe ƙofa, mai yiwuwa agarar ƙwanjin ce ta tsinke daga ƙashi. Wannan tiyata take bukata a mafi yawan masu aiki da ƙarfi, kuma ɗinkin ya fi sauƙi cikin mako biyu zuwa uku na farko, kafin agarar ta ja baya ta ƙage. A je wurin likitan ƙashi a makon. Haka nan idan ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna yin kamar ana tsira musu allura ko suna mutuwa, jijiyar da ke ratsa bayan tudun ciki ce ta matsu. Gwiwar da ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, ko ta ƙi miƙewa bayan faɗuwa, ita ma asibiti take so.

Idan ciwon agara ne na yau da kullum, mako ɗaya zuwa biyu na farko na kwantar da shi ne. A bar shiga ruwa. A daina ɗaga kaya tafin hannu yana kallon ƙasa: a juya shi sama, a matso da kayan kusa da jiki, ko a sa hannu biyu. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 10 zuwa 15 tana rage zafi, man shafawa mai diclofenac ma haka, na ɗan lokaci. Ƙwayoyi irin su ibuprofen kada su wuce 'yan kwanaki, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisance su. Ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ce, saboda haka ja da murza da ƙarfi ko tsaga ba abin da za su ƙara sai ciwo. Kada kuma a rataye hannun a wuya ko a ɗaure shi ya daina motsi.

Nan ne kuskure mafi yawa yake. Mutum ya huta wata biyu, zafi ya tafi, ya koma ruwa, kwana uku ciwo ya dawo sabo. Hutu yana kashe zafi ne, ba ya ƙara wa agara ƙarfi, hasali ma rage mata yake yi. Abin da ke sa ta sake saƙa zaruruwanta shi ne nauyi daidai gwargwado, a hankali, ana ƙarawa.

Matakin farko riƙewa ce ba motsi. Ɗora sangalin hannu a kan tebur, gwiwa a lanƙwashe, tafin hannu ya leƙo bakin tebur yana kallon ƙasa. Riƙe nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Robar ruwa mai rabin lita rabin kilo ce, ba sai an sayi komai ba. Tsayar da wuyan hannu a miƙe, daƙiƙa 30 zuwa 45, ka huta minti ɗaya, sau biyar. A yi kullum. Mai ciwon ciki ya yi hakan tafin hannu yana kallon sama.

Bayan mako ɗaya ko biyu, idan wannan ya zama ba komai, sai a shiga saukarwa. Zaman irin na matakin farko ne. Sa lafiyayyen hannu ya ɗaga maka mai ciwon sama, ka sake shi, sannan ka sauke nauyin da kanka a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Sau 15, zagaye uku, hutun minti ɗaya a tsakani. Sirrin a cikin jinkirin yake. Wanda ya bar robar ta faɗi da kanta bai yi komai ba. Idan zagaye ukun suka zo da sauƙi kwana biyu ko uku a jere, a ƙara nauyi kaɗan, kamar kwatan kilo zuwa rabi, ba ninki ba. Daga baya a riƙa ɗagawa da saukewa da hannun shi kaɗai, a kuma miƙe gwiwar, domin a miƙe agarar ta fi ɗaukar nauyi. Idan aka kai ga ɗaukar nauyi mai yawa, a koma yi kwana ɗaya a tsallake ɗaya.

A haɗa da murɗawa. Riƙe guduma ta ƙarshen ƙotarta, kanta yana sama, gwiwa a manne da haƙarƙari, ka kwantar da ita dama a hankali, ka dawo, ka kwantar hagu. Idan ta yi nauyi, matsa hannu kusa da kan. Ana kuma sayar da sandar roba mai suna FlexBar da ake murɗawa da lafiyayyen hannu a bar mai ciwon ya warware ta a hankali. Tawul da aka naɗe tamau yana kusantar aikinta.

Shin a yi atisaye ana jin zafi? E, amma da iyaka. Ɗauki sifili a matsayin babu zafi, 10 kuma zafin da ba a iya jurewa. Har zuwa 3 babu laifi. Alƙali na gaskiya shi ne washegari da safe: idan gwiwar ta fi jiya ciwo ko ƙagewa, nauyin ya yi yawa, a rage shi da rabi a ci gaba. Ba a daina gaba ɗaya.

Kada a manta kafaɗa da gadon baya. Idan suna da rauni, sangalin hannu ke biyan bashin a kan ruwa. Jawo roba mai talewa zuwa ƙirji, ana matse allunan kafaɗa a baya, sau 12 zagaye uku, sau uku a mako, ya wadatar. Maɗaurin da ake sa wa sangalin hannu kuwa, wurinsa yatsa biyu ƙasa da gwiwa, a kan tsoka, ba kan ƙashin ba. Yana rage zafi lokacin aiki. Magani ne? A'a.

Sai maganar allura, wadda marasa haƙuri kan nema da kansu. Allurar sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, a gwiwa tana kashe zafi ƙwarai a makonnin farko, wannan gaskiya ne. Amma wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2013, ya bi mutum 165 har shekara guda. Cikin waɗanda aka yi wa allurar sitiroyid kashi 83 cikin 100 ne suka warke ko suka samu sauƙi sosai, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuwa kashi 96. Ciwon ya dawo wa kashi 54 na masu sitiroyid, ɗaya ɓangaren kashi 12 kacal. Ga mai wasan lema haɗarin ya fi haka, domin zafin da ke tsawatar masa ya tafi, sai ya koma ya ci gaba da fizgar agarar da ba ta warke ba. Tiyata kuwa ta 'yan ƙalilan ce, waɗanda suka yi wata 6 zuwa 12 suna atisaye yadda ya kamata ba canji.

Wani abin lura: ciprofloxacin da danginsa suna iya raunana agara har ta tsinke, kuma tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a takardar bayaninsu. A wurarenmu ana sayen sa a kyamis da sunan maganin taifot ba tare da takardar likita ba. Mai ciwon agara ya gaya wa likita kafin a rubuta masa, musamman wanda ya haura shekara 60 ko yake shan sitiroyid. Ciwon suga da ba a kula da shi da shan taba su ma suna ja wa warkewa baya.

Yawanci ana fara ganin canji na gaske bayan mako 6 zuwa 12 na atisaye, cikakkiyar warkewa kuma tana iya kai wata 6 zuwa shekara. Mafi yawan mutane suna warkewa ba tiyata.

Kafin a koma ruwa, kayan wasan ma suna bukatar dubawa, in ba haka ba aikin banza aka yi. Igiyoyin tsakiya suna talewa da daɗewa, na gefe kuma su ɗan tsuke, sai lema ta riƙa ɗibar iska fiye da kima, sanda ta yi nauyi. Ɗaura ƙarshen igiyoyin huɗu a turke ɗaya, ka ja sandar: a mafi yawan sanduna ya kamata tsawonsu ya zo daidai. A gefen fiffiken lema akwai maɗaurai biyu ko uku na igiyar tuƙi. Wanda ya fi kusa da ƙarshen fiffike ya fi sauƙaƙa sanda a hannu. Idan iska ta ƙaru, a ja igiyar rage ƙarfi ko a sauya ƙaramar lema, maimakon a yi kokawa da mai murabba'in mita 12 a iskar da ta dace da mai 9. Ɗamarar da ke zamewa sama zuwa haƙarƙari ba ta ɗaukar nauyi, a matse ta ko a sauya. Safar hannu mai kauri ta ruwan sanyi tana sa a ƙara damƙa ba a sani ba. Wurin buga famfo, a miƙe hannuwa a yi aiki da ƙafafu.

Lokacin komawa ya yi idan kana iya ɗaga kujera da hannu a miƙe ba zafi, damƙar hannun ta kusa kai ta ɗayan, kuma ka yi mako biyu kana atisaye mai nauyi ba tare da ciwon safe ba. Fara da minti 20 zuwa 30, a ruwa mai kwanciya da iska mai daidaito, ka tsallake kwana ɗaya. Hannuwa kusa da tsakiyar sanda, yatsu a sake, wuyan hannu a miƙe, jiki ya jingina da ɗamara. Ƙara minti 10 a kowane mako. Tsalle-tsallen da ake cire ƙugiya daga ɗamara, inda dukkan ƙarfin lema ke komawa hannu, su ne na ƙarshen dawowa, bayan aƙalla wata ɗaya zuwa biyu na wasa ba ciwo. Atisayen kuma ba a ajiye shi don an koma ruwa: sau biyu a mako, har tsawon kakar wasan. Idan ciwon safe ya dawo, a koma tsawon lokacin makon da ya gabata, idan kuma ya wuce mako biyu bai lafa ba, a ga ma'aikacin fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar atisaye, ya sake duba gwiwar da wuya, domin jijiyar da ta matsu a wuya ma tana aiko zafi har gwiwar hannu.