Kifin malam-buɗe-littafi na Bahar Maliya: amsoshin tambayoyinku

Hotunan kifi mai ruwan ɗorawa da ake ɗaukowa a Jidda da Port Sudan sun yi mini yawa, tambayoyin kuma duk iri ɗaya ne. Ga amsa, a karanta kafin a sake turo wani.

Menene sunansa?

Masana suna kiransa Chaetodon semilarvatus. Danginsa sun haura iri 120.

Akwai shi a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi?

A'a. Kifin ruwan gishiri ne. Gidansa duwatsun murjani, wato duwatsun da wasu ƙananan halittu ke ginawa a ƙarƙashin teku, na Bahar Maliya da Mashigin Aden, ba ya wuce zurfin mita 20 sosai.

Yaya zan tabbatar shi ne a hotona?

Nan ne ake yawan kuskure. Kada ku tsaya kan launi kawai, domin a ƙarƙashin ruwa ja ne launin da ke fara ɓacewa, sai ruwan ɗorawa ya koma kamar kore. Ku duba fuska tukuna. Namu yana da tabo shuɗi mai toka-toka a bayan ido, jikinsa kuma da siraran layuka masu ruwan goro daga sama zuwa ƙasa. In kun ga baƙin ɗamara ta rufe ido, da farin layi a samanta, da layuka baƙaƙe a karkace, to ɗan'uwansa ne, Chaetodon fasciatus, suna zaune wuri ɗaya. In akwai ƙaya mai tsini a kumatunsa, wani dangin ne daban, irin wanda Turawa ke kira kifin mala'ika. Girma yana taimakawa, don namu yakan kai santimita 23, amma hoto yana ruɗi idan babu abin gwadawa a kusa. Ganinsu bibbiyu, sun lafe ƙarƙashin faffaɗan murjani da rana, alama ce mai kyau, ko da yake ba hujja ba ce ita kaɗai. In fuskar ba ta fito a hoton ba, ni ma ba zan yanke hukunci ba.

Yana cizo?

Kwantar da hankalinka. Ƙananan halittun jikin murjani yake tsinta.

Zan iya sa shi a tankin gilashi a gida?

Don Allah kada ku yi. Mutumin da wutar gidansa ke ɗaukewa ba shi da yadda zai riƙe ruwan gishiri da zafinsa daidai. Kifin zai mutu ne cikin wahala. Mai son ganinsa ya je Sanganeb, wani keɓaɓɓen wurin murjani a cikin teku kusa da Port Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, kuma kada ya taka murjani da ƙafa.