Waiwaye: Yadda birane suka cika, daga Landan har Maradi

A 1950, cikin kowane mutum goma a duniya uku ne kawai ke zaune a birni. Sauran suna karkara, ana noma, ana kiwo, ana su. Sai a wajen 2007, bisa alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya, mazauna birane suka rinjayi na ƙauye, karo na farko a tarihi. A 2018 sun kai kashi 55 cikin 100, ana kuma hasashen za su kai 68 a 2050.

Ingila ce ta fara. Masaƙu da haƙar kwal suka janye manoma daga gonaki, har ƙidayar 1851 ta nuna fiye da rabin mutanen ƙasar a birni suke. Landan ta tashi daga mutum miliyan ɗaya a 1801 zuwa sama da miliyan shida a 1901. Talakawanta sun ji jiki, kwalara ta yi ta ɗibarsu, sai bayan 1858 aka gina wa birnin manyan magudanun ƙazanta. Amurka da sauran Turai suka bi sahu. Latin Amurka ta yi nata gudun a ƙarni na 20, yau mutum takwas cikin goma a can ƴan birni ne. Sin kuwa ko kashi 20 ba ta kai ba a 1978, amma a 2011 ta haura rabi, nan ma masana'antu ne suka yi kira.

Afirka na kashi 43 a 2018. Nijar tana can ƙasa sosai: kusan mutum ɗaya cikin shida ne ke birni. Ke nan babbar ƙaurar ba ta ma iso mu ba tukuna, kuma abin da ke damuna ke nan idan na dubi Maradi.

Garin nan da ƙaura aka kafa shi. Katsinawan da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 ne suka zauna a kwarin Gulbi, suka kafa sarautar Katsinar Maradi. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin, Faransawa suka maido da shi bisa tudu, suka yanka masa tituna miƙaƙƙu. A 1950 bai cika mutum dubu goma ba. Gyaɗa ce ta fara kumbura shi, ita ta haifar da alhazan Maradi na farko. Da farin 1973 da 1974 ya durƙusar da gyaɗa, fataucin kaya zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya ya karɓe ta. Farin 1984 ya sake koro mutane daga ƙauyuka, da yawa sun zo cin rani ne, ba su koma ba. Ƙidayar 1988 ta samu fiye da mutum 110,000, ta 2012 kuma 267,249.

A Ingila da Sin aikin masana'anta ne ya kira baƙo. Wanda ya shigo Maradi yau galibi gonar gado ce ta yi masa kaɗan bayan an raba ta tsakanin ƴan'uwa. Abin da ke jiransa shi ne kabu-kabu, dako, garuwa ko talla a bakin kasuwa. Haihuwa ma tana da kaso babba, domin jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa a ƙasar, saboda haka ko da ba wanda ya sake shigowa, garin zai ci gaba da faɗaɗa.

Ana ganin haka a sababbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, da filayen da ke bayansu. Inda aka yi girbin gero bara, bana an kafa duwatsun iyaka. Manomi ya sayar da gona ya ci kuɗin, ɗansa ya dawo ɗan haya a birni. Ana yanka fili, a sayar, a yi gini, sannan a fara neman famfo, lantarki da hanyar ruwa, shi ya sa duk damina ruwa ke kwana a tsakar gidajen mutane. Birnin da ya taɓa tashi dungurungum saboda ambaliya bai kamata ya bari ana gini a kan hanyar ruwa ba, kuma hukumar da ke sa hannu a takardar fili ita ce ya dace ta fara fitar da magudana da filin makaranta kafin ta karɓi kuɗin kowa.